Ɗaukar hoton zalɓe yana farauta a fadamun Sakkwato: tambayoyi da amsoshi

Tun da na fara nuna hotunan zalɓe da balbela da nake ɗauka a gaɓar gulbin Rima, tambayoyi ba su yanke mini ba. Wasu ɗalibai ne, wasu masu ɗaukar hoton biki ne da ke son su gwada hannunsu a daji, wasu kuma mamaki kawai suke yi yadda tsuntsun da suke wucewa kullum a kan babur yake da wannan kyau idan an dube shi kusa. Na tattara waɗanda aka fi maimaita mini, na amsa su gwargwadon abin da zaman bakin ruwa ya koya mini.

Wane tsuntsu ne zalɓe, kuma iri nawa ne?

A bakin yawancinmu, duk dogon tsuntsu mai ruwan toka da ke tsaye a bakin ruwa zalɓe ne, duk fari kuma balbela. Dangi ɗaya ne, kuma a duniya sun haura iri 60. Hanya mafi sauƙi ta gane ɗan wannan gida ita ce ka dube shi a sama: yana naɗe wuyansa ya kwantar da kai tsakanin kafaɗu, ƙafafu a miƙe ta baya. Shamuwa da gauraka kuwa a miƙe suke tafiya da wuya.

Mai ɗaukar hoto yana bukatar ya rarrabe su, domin kowanne da irin farautarsa. Zalɓe mai ruwan toka, wanda masana ke kira Ardea cinerea, tsayinsa ya kusa mita ɗaya, kansa fari da baƙin zane ta kan ido, kuma shi ne gwanin dako a cikin ruwa. Ɗan'uwansa mai baƙin kai ya fi son tudu: za ka gan shi a gonar da aka girbe ko a makiyaya yana sanɗar ɓera da ƙadangare da fara. Akwai mai jan wuya siriri, wanda ba ya rabuwa da duhuwar ciyawar ruwa, sai ka yi sa'a ka gan shi a fili. Akwai wani gajere mai launin busasshiyar ciyawa wanda ba ka ganinsa sam sai ya tashi, fuka-fukansa su bayyana farare fat. Akwai na dare mai jan ido, wanda ke yini a cikin itace ya fito da almuru.

Fararen ma ba ɗaya ba ne. Balbelar da ke bin shanu gajera ce mai kauri, bakinta rawaya. Wadda ke guje-guje a ruwa marar zurfi siririya ce, baki da ƙafafu baƙaƙe, yatsu rawaya kamar ta taka kwaɓin rini. Babbar cikinsu kuwa ta kusa kai zalɓe tsawo, tafiyarta ma irin tasa ce, a hankali.

A ina zan same su kusa da Sakkwato?

Ba sai ka yi nisa ba. Fadamar Kwalkwalawa, a kan hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta ishi mai koyo shekara guda bai ƙure ta ba. Ga gulbi, ga kududdufan da ambaliya ke bari, ga gonakin shinkafa da albasa. Gefen Dundaye da Wamakko ma haka. Tafkin Kware, arewa da birni a kan hanyar Illela, yana da ciyawar ruwa mai yawa, wurin mai jan wuya ke nan. Can gabas akwai fadamar shinkafa ta Wurno da madatsar ruwa ta Goronyo wadda aka kammala a 1984.

Sai dai dole in faɗi gaskiya a kan gabashin jihar. Matsalar 'yan bindiga ta taɓa yankunan da dama a can, kuma halin da ake ciki yana sauyawa daga mako zuwa mako. Kada ka kama hanya da asuba da kaya masu tsada sai ka tambayi ɗan gari wanda ka amince da shi, kuma kada ka tafi kai kaɗai.

Idan ka isa kowane wuri, nemi inda ruwa ya tsuke ko ya janye: bakin magudana, ƙasan gada, kududdufin da ya fara ƙafewa. Inda kifi ya matsu, nan zalɓe ke zuwa.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Maris. Ruwan damina yana janyewa daga fadama, ya bar kifi a tarko cikin ƙananan tafkuna, kuma a daidai lokacin ne baƙi ke sauka daga Turai. Mutane da yawa ba su san cewa wani zalɓen da ke tsaye a Kware ya ƙetaro Sahara ba. An taɓa maƙala wa masu jan wuya na'urar bibiya a ƙasar Holan, aka ga suna cin wajen kilomita 4,000 zuwa Afirka ta Yamma cikin mako guda ko ƙasa da haka. An kuma lura cewa a shekarun farin da aka yi a yankin Sahel, na 1970 da na 1980, adadin masu komawa can su yi sheƙa ya ragu ƙwarai. Wato ruwan fadamunmu ne ke riƙe da su.

Damina ma tana da nata. A lokacin ne balbela ke yin ado, kai da ƙirji da baya su koma ruwan goro, kuma ciyawa shar take ba hoto kyau. Amma ruwa ya bazu ko'ina, tsuntsaye sun warwatsu, hanyoyin fadama kuma sun zama taɓo.

A cikin yini, sa'o'i biyu na farko bayan fitowar rana su ne zinariya. A Sakkwato rana tana fitowa wajen ƙarfe 7 a watan Janairu, wajen 6 da kwata a watan Yuni. Ka yi sallar asuba ka kama hanya, ka zauna a wurinka kafin gari ya gama wayewa. Daga la'asar sakaliya zuwa magariba ma akwai haske mai kyau, kuma nan ne na dare ke fara fitowa.

Ba ni da babbar kyamara. Waya za ta yi?

Ga balbela a bayan shanu, ko a gonar da ake ban-ruwa, za ta yi. Idan manomi ya kunna inji ya saki ruwa cikin fangali, ƙwari da gyare suna fitowa daga tsagar ƙasa, balbelu su taru suna bin bakin ruwan har kusa da ƙafarsa. Ka tsuguna a kan kunya, waya ta ishe ka.

Ga zalɓe yana kai sara, waya ba za ta kai ba. Kana bukatar gilashi mai dogon hange, wanda masu hoto ke kira lens, aƙalla milimita 300, in da hali 400 zuwa 600. Irin 150 zuwa 600 da kamfanonin Sigma da Tamron ke yi su ne da yawa suka fara da su, kuma ana samun na hannu. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, ƙananan kyamarori masu zuƙowa da nisa irin Nikon P900 suna yin aiki idan haske ya wadata, ko da yake suna da nawa wajen kama abin da ke motsi. Idan kuɗinka kaɗan ne, zuba su a gilashi, ka haƙura da tsohuwar kyamara.

Maimakon ƙarfe mai ƙafa uku, ni ƙaramin buhu nake cikawa da gero mudu biyu in ɗinke. Ina ɗora shi a kan kunya, ko tagar mota, ko gefen kwale-kwale, gilashin ya kwanta a kai ba girgiza.

Kullum na matsa kusa sai ya tashi. Me nake yi ba daidai ba?

Matsawar ce. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ni ma na daɗe ina kuskurenta. Zalɓe ya fi ka ido nesa ba kusa ba, ya gan ka tun kafin ka gan shi. Abin da yake aunawa shi ne ko kana da niyya a kansa. Mutumin da ya miƙe tsaye, ya fuskance shi, yana takowa kai tsaye da wani baƙin abu a fuska, a wurinsa ba shi da bambanci da maharbi.

Wani dattijo masunci a Kwalkwalawa ne ya warware mini wannan. Ya ga na yi safiya guda ina bin tsuntsu ɗaya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Da na zo na gaishe shi, na ce, "Baba, ya aka yi yake tsayawa kusa da jirginka, ni kuwa ko mita hamsin ba ya bari in kai?" Bai ɗago daga gyaran kallinsa ba ya ce, "Malam, in zalɓe kaka biɗa, zamna ƙasa. Mu ba ya gudunmu, don ba mu kallonai."

Tun daga ranar na sauya aiki. Ina zuwa kwana ɗaya ko biyu ba tare da na fito da kyamara ba, in ga inda tsuntsun ke tsayawa. Zalɓe yana da wurin zamansa kamar yadda ɗan kasuwa ke da rumfa, kuma yakan dawo wurin muddin kifi bai ƙare ba. Rana ta uku sai in riga shi zuwa, in zauna a ƙasa, bayana a jikin kunya ko gindin bagaruwa don kada siffata ta fito a sararin sama, in jira.

Tufafi ma suna da tasiri. Bar farar shadda a gida. Sa tsohuwar riga mai ruwan ƙasa da malfa irin ta manoma, domin da wannan siffar tsuntsayen fadama suka saba. Zama kusa da manomin da ke aikinsa, da izininsa, ya fi kowace bukkar ɓuya da na taɓa gwadawa. Mota ma maɓoya ce mai kyau idan ka kashe inji ba ka buɗe ƙofa ba.

Idan dole sai ka matsa, yi shi a karkace, kanka a ƙasa, taku kaɗan ka tsaya. Ka riƙa karanta wuyansa. Muddin yana kallon ruwa, kana da izini. Da zarar ya miƙe wuya sama ya juyo maka da ido ɗaya, ka kai iyaka: daskare, kau da kai, ka ba shi minti biyar. Idan ka ga ya rage tsawo ya lanƙwasa gwiwa, ko ya saki kashi, tashi zai yi.

Ta yaya zan san lokacin da zai kai sara?

Saran ya fi ƙiftawar ido sauri. Idan ka jira sai ka gan shi sannan ka danna, abin da za ka samu fantsamar ruwa ne da bayan tsuntsu. Dole ka koyi alamomin da ke gabansa.

A wuyan zalɓe akwai ƙashi na shida wanda ya fi sauran tsawo, shi ya sa wuyan ke da wannan lanƙwasa kamar ƙugiya. Idan ya naɗe shi, tamkar an ja baka ne, sakinsa kawai ya rage. Kafin nan ga abin da za ka gani. Tsuntsun da ya yi rabin sa'a a tsaye kamar turke sai ya karkata kai, ya kafa ido wuri ɗaya. Jikinsa ya fara sauka yana kwantawa daidai da fuskar ruwa. Ya ɗaga ƙafa ɗaya a hankali, yatsun a tattare, ruwa na ɗiga daga gare su, ya mayar da ita gaba ba tare da ko da'ira ɗaya ta tashi a ruwan ba. Wani lokaci wuyan yana rangaji hagu da dama amma kan yana nan daram. Sai ya ɗan ja kan baya kaɗan. Wannan jan bayan shi ne kiranka: danna, ka riƙe, kada ka saki sai ya ɗago.

Sau da yawa zai yi duk wannan ya fasa, kifin ya kauce. Zai kuma kai sara ya fito da baki wayam, ko da ganyen bado. Kada ka tsaya goge waɗannan hotunan a wurin, idonka ya zauna a kansa, domin sara na biyu yakan biyo baya da wuri.

Siririyar balbela mai rawayan yatsu ba ta da wannan haƙurin. Ita tana miƙa ƙafa ɗaya gaba ta girgiza laka, abin da ya ɓuya ya fito, ta bi shi da gudu tana buɗe fiffike. Alamarta ita ce rawar ƙafar. Hotonta ya fi wuyar saiti amma ta fi yawan ba ka dama.

Wane saiti kake amfani da shi?

Saurin ƙiftawar kyamara shi ne kan gaba. Don tsayar da sara da ɗigon ruwa a iska, 1/2000 na daƙiƙa ko sama. Idan yana juya kifi a baki, 1/1000 ya isa. Idan yana tsaye kawai, 1/500 ma ya yi, amma ni ba na saukowa can, domin saran ba ya sallama.

Ƙofar haske ina barinta tsakanin f/5.6 da f/8. Na fi son f/8 idan haske ya yarda, saboda kan tsuntsun yana yin gaba da kusan rabin mita a lokacin sara, kuma ina son ido da kifi duka su fito tas. ISO kuwa, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ina barinsa ya hau da kansa, ko da ya kai 3200 da sassafe. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana gyara shi a kwamfuta, wanda ya yi dishi-dishi saboda motsi kuwa ya tafi.

Sa fokas mai bin motsi, ka ɗora shi a kan ido ko gindin baki. Sa ɗauka a jere mafi sauri. Ka bar fili a gaban tsuntsun da ƙasansa, kada ka cika hoton da shi, in ba haka ba kan zai fice daga hoton daidai lokacin da kake nema. Wasu sababbin kyamarori suna ajiye hotunan da suka gabaci dannawarka da ɗan lokaci kaɗan. Idan taka tana da wannan, kunna shi.

Me ya sa balbela ke fita fari fat, ba a ganin gashinta?

Kyamara tana auna duhun ruwa da ciyawa, ta ƙara haske, farin ya ƙone. Rage hasken da mataki ɗaya, wani lokaci har biyu idan rana ta ɗaga. Ka ɗauka a tsarin RAW, wanda ke ajiye cikakken bayanin hoto don gyara daga baya. Bayan ƙarfe 10 na safe kuwa, farin tsuntsu a ranar Sakkwato ba ya ɗaukuwa, ka nemi inuwa.

Saran ya wuce ni. Shi ke nan na yi asara?

A'a. A ganina hotuna mafi daɗin kallo suna zuwa ne bayan kamu. Zalɓe ba ya tauna, haɗiya yake yi ɗungurungum, kuma dole kifi ya shiga ta kai don ƙayoyinsa su kwanta. Ƙaramin kawara sai ya wurga shi sama ya cafe, cikin daƙiƙa biyu an gama. Babban kifi kuwa aiki ne.

Wata safiya ta hunturu na ga mai ruwan toka ya kama tarwaɗa da ta kusa tsawon bakinsa sau biyu. Bai yi yunƙurin haɗiye ta a ruwa ba. Ya fito da ita kan laka, ya ajiye, ya caka mata baki a bayan kai, ya ɗauka ya girgiza, ya sake ajiyewa. Jelarta tana naɗe masa baki, yauƙinta ya ɓata masa gashin wuya. Ya koma da ita ruwa ya ɗauraye, ya juya ta a hankali har kan ya fuskanci maƙogwaro, ya ɗaga baki sama. Ina kallon kumburin yana gangarawa cikin wuya kamar an zura tabarya a safa. Da ya gama, ya tsoma baki ya kurɓi ruwa sau uku, ya girgiza jiki duka gashinsa ya tashi. Abin ya ɗauki sama da minti goma. Daga nan ya shiga gyaran jiki, kuma wannan ma abin ɗauka ne: dangin zalɓe suna da wani gashi a ƙirji da ke rugurgujewa ya zama gari, suna shafa shi a inda yauƙi ya taɓa, sannan su tsefe da farcen yatsan tsakiya mai haƙora kamar matsefi.

A wannan lokacin ne kuma ya fi kamata ka kame kanka. Na taɓa ɗagowa don in gyara zama alhali wani yana fama da karfasa a baki. Ya firgita ya tashi, kifin ya faɗi, shirwa ta sure shi. Wataƙila awa biyu ya yi yana dakon wannan kifin. Har yau idan na tuna ba na jin daɗi.

Na ga hoton wani baƙin tsuntsu ya rufe kansa da fuka-fukai kamar lema. Akwai shi a nan?

Akwai shi a dausayin arewacin Najeriya, ko da yake ba kullum ake dacewa da shi ba. Sunansa a wurin masana Egretta ardesiaca, ni ina ce masa mai lema. Baƙi ne wuluk, yatsunsa rawaya. Yana ɗan gudu a ruwa marar zurfi, ya tsaya cak, ya kifa fuka-fukansa gaba su haɗu su yi rumfa, kansa a ciki. Inuwar tana kashe masa ƙyallin ruwa, ƙananan kifaye kuma suna shigowa neman mafaka. Daƙiƙa biyu ko uku ya buɗe, ya ƙara gaba, ya sake. Da yake yana maimaitawa ba adadi, za ka samu dama da yawa. Kwanta ƙasa sosai don lemar ta haɗu da inuwarta a ruwa. Shi ƙara masa haske ake yi, saɓanin balbela.

Akwai kuma wani ƙarami mai duhun baya da ke laɓewa a saiwar itace a bakin ruwa. An san shi da jefa ƙwaro ko ganye a ruwa ya jira kifi ya taso. Idan ka ga ƙaramin zalɓe yana ɗaukar abu yana sakewa a wuri ɗaya, kada ka motsa daga nan.

Zan iya sayen kifi in jefa masa don ya zo kusa?

Kada ka yi. Tsuntsun da ya saba karɓar abinci daga hannun mutum yana daina tsoron mutum, kuma ba kowa ke zuwa bakin ruwa da kyamara ba, wani da danƙo yake zuwa, wani da tarko. Haka kuma kada ka ba yara kuɗi su kora maka tsuntsaye don ka ɗauke su suna tashi.

Idan hoton tashi kake so, yi aiki da iska. Manyan tsuntsaye suna tashi da sauka ne suna fuskantar iska. Da hunturu iskar daga arewa maso gabas take zuwa, rana ma da safe tana gabas. Ka ba su baya duka biyu, tsuntsun zai taso yana fuskantarka da haske a ƙirjinsa.

Sheƙarsu fa?

Balbela da zalɓe mai baƙin kai suna yin sheƙa a tare, da yawa a itace ɗaya, sau da yawa a tsakiyar ƙauye, da damina. Ciyar da 'ya'ya abin kallo ne: ɗan yana kama bakin uwar a gicciye yana ja har ta amayo masa abinci. Ɗauki daga nesa, daga inda mutanen gari suka saba wucewa. Kada ka hau itacen, kada ka tsaya a ƙarƙashinsa. Idan iyaye suka watse, rana tana kashe ƙwai cikin ɗan lokaci, hankaka kuma yana jira.

Yaya kake kare kaya daga ƙura da zafi?

Ba na sauya gilashi a fili da hunturu, ko sau ɗaya. Ina ɗaura wanda zan yi aiki da shi tun daga gida, in naɗe kyamarar da tsohon rawani. Ƙura hura ta ake yi da ɗan famfon roba kafin a goge, in ba haka ba ta karce gilashi. Hazo kansa ba abokin gaba ba ne: yana tausasa rana, ya ba ruwa launin azurfa. Sai dai yana cinye kaifin hoto idan tsuntsun yana nesa.

Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, matsalar ita ce kawalwalniya. Iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi tana sa hoton nesa ya yi ta rawa, kuma babu saitin da ke gyara wannan. Mutane da yawa suna zaton gilashinsu ne ya lalace. Ka gama aikinka kafin ƙarfe 9. Kada ka bar kyamara ko batir a cikin mota a rana, kuma ka riƙe ruwan sha fiye da yadda kake zaton za ka bukata.

Shin sai na shiga ruwa?

Hoto daga daidai idon tsuntsu ya fi kyau, gaskiya ne, amma kwanciya a gaɓa tana ba da wannan. Ruwan da ba ya gudu a fadamunmu yana iya ɗauke da tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwar ruwa ta shiga ta fata. Idan dole ne, sa dogon takalmin roba. Duba ciyawa kafin ka zauna saboda maciji, ka zo da tabarma ko buhu. Idan ka ga mataccen tsuntsu ko marar lafiya kada ka taɓa shi, murar tsuntsaye ta sha ɓulla a ƙasar nan tun 2006.

Mutanen wurin ba sa damuwa da mai kyamara?

Ya danganta da yadda ka shigo. Fadama ba daji ba ce marar mai shi, kowace kunya da mai ita. Yi sallama, ka gaisa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nuna hotunan a bayan kyamara. Idan za ka riƙa zuwa, kai gaisuwa wurin mai gari ko sarkin ruwa. Wanda ya ɗauke ka a jirginsa ka biya shi haƙƙinsa, domin ka hana shi su. Inda mata ke wanki ko yara ke wanka, sauke kyamara ka juya ta ƙasa har ka wuce. Kusa da gada, madatsar ruwa ko shingen jami'an tsaro, nemi izini kafin ka fito da dogon gilashi. Jirgi marar matuƙi kuwa yana bukatar lasisin hukuma a Najeriya, ga shi yana tarwatsa tsuntsaye, ni ba na amfani da shi.

Amfanin wannan ya wuce zaman lafiya. Masunta sun san ranar da za a yashe wane tafki, sun san inda kifi ya taru. Ranar da suka gama jan taru suka tafi, ƙananan kifayen da suka rage a laka suna tara zalɓe da balbela fiye da duk abin da za ka samu da yawonka.

Akwai masu cewa hoton abu mai rai bai halatta ba.

Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, kuma ni ba malami ba ne. Ka tambayi malamin da ka natsu da iliminsa.

Me zan yi da hotunan bayan na ɗauka?

Zaɓi kaɗan. Daga safiya guda za ka iya dawowa da ɗari biyar, ka ajiye goma. Wajen gyara, daidaita haske da yanke gefe sun isa. Kada ka ɗauko kifi daga wani hoto ka liƙa a bakin tsuntsu, kuma idan ka sa a Facebook ko Instagram kada ka bayyana ainihin itacen da sheƙa take.

Rubuta rana da wuri da abin da tsuntsun ya ci a jikin kowane hoto. Manhajar Merlin tana taimakawa wajen gane iri, eBird kuma tana karɓar rahoton abin da ka gani. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma 'yan sa-kai ne ke aika mata bayanai daga garuruwansu. Idan ka ga zobe a ƙafar zalɓe, zuƙo shi iyakar iyawarka ka ɗauki lambar, da ita ake gano ƙasar da ya fito.

Sannan ka wanke biyu ko uku a takarda ka kai wa masuncin ko manomin da ya ba ka wurin zama. Dattijon nan na Kwalkwalawa, da na kai masa hoton zalɓe da tarwaɗa, ya daɗe yana dubawa, ya kira jikansa ya nuna masa, sannan ya gaya mini wani kududdufi a bayan gonar albasa inda ya ce mai lema yana sauka bayan la'asar.